Da Wane Ma'auni Ake Cewa Mutum Ya Taɓu?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wata magana da ke saurin fita daga bakinmu a nan Sakkwato, wato cewa wane ya taɓu. Likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru suna muhawara kan ma'aunin da zai raba mai lafiya da mai larura, har yau ba su samu guda ɗaya da ya wadatar ba, mu kuwa kafin ƙiftawar ido mun yanke hukunci.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ke sayar da goro a bakin masallaci. Ko a tsakiyar zafin watan Afrilu da rigar sanyi yake yawo a ƙarƙashin babbar riga, yana tafe yana magana shi kaɗai, yara sun laƙa masa suna, manya suna nuna shi da baki. Amma ban taɓa jin ya yi kuskuren canji ba, kuma da wannan farantin goro ya aurar da 'ya'yansa mata uku. Sai kuma ɗiyar ƙanwata, wadda bayan ta gama wankan jego na haihuwar fari ta koma ɗakinta ta yi tsit, tana shara, tana girki, surukanta suna yaba haƙurinta da kunyarta. Ashe ba ta barci, abinci ba ya mata daɗi, takan zauna da jariri a cinya hawaye na zuba ba ta san dalili ba. Sai bayan wata 5 aka kai ta wurin likita, ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Da jama'ar unguwa aka tambaya wane ne marar lafiya tsakanin su biyun, babu shakka dattijon za su nuna.

Ma'aunin da jama'a ke aiki da shi a nan shi ne saɓa wa al'ada, kuma masana ma sun san da shi. Yana da amfaninsa, domin shi ke sa a gaggauta taimakon wanda ya tuɓe tufafinsa a tsakiyar kasuwa. Matsalarsa ita ce al'ada tana sauyawa daga gari zuwa gari. Uwar da ke alkunya ga ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta masa wasa a gaban mutane, mu mun san tarbiyya ce, amma likitan da ya taso a Ingila yana iya rubuta cewa ba ta shaƙu da ɗanta ba. Mafi muni kuma, wannan ma'auni yakan zama sanda a hannun mai ƙarfi. A shekarar 1851 wani likita a Amurka mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun da bayi baƙaƙen fata ke yi daga iyayengijinsu ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma a Tarayyar Sobiyat an tsare masu sukar gwamnati a asibitocin mahaukata.

Akwai ma'aunin lissafi, wanda ke ɗaukar duk abin da ya yi ƙaranci a cikin jama'a a matsayin larura. A gwajin kaifin basira matsakaicin maki 100 ne, kuma kusan mutum 2 cikin 100 ne ke faɗuwa ƙasa da 70. Lissafi ba ya son kai, wannan gaskiya ne, sai dai yaron da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 7 shi ma ba kasafai ake samun irinsa ba, ciwon damuwa kuwa ya yi yawan da lissafin zai ɗauke shi abin da aka saba.

Wanda na fi ganin ƙarfinsa shi ne ma'aunin kasa tafiyar da rayuwa, wanda masana halayyar ɗan Adam David Rosenhan da Martin Seligman suka faɗaɗa bayaninsa a 1989, domin yana duba ko mutum na iya ci da kansa, ya yi wanka, ya fita nema, ya zauna da mutane lafiya, sannan yana tambayar ko shi kansa yana cikin wahala. Da shi aka auna mai goro, da tuni an sake masa mara. Duk da haka yana da ɓaraka ta fuska biyu. Ɗiyar ƙanwata ba ta taɓa barin tukunya ta ƙone ba, saboda haka wanda ya tsaya ga aikin hannunta kawai zai ce lafiyarta ƙalau. Saurayin da ya gama jami'a shekara 4 babu aiki, yana kwance har azahar, ciwo ne ya kwantar da shi ko rashin abin yi? Ita ma wahalar ba kullum take nuna ciwo ba, domin matar da ke takaba ta wata 4 da kwana 10 tana cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma babu mai hankalin da zai kira shi larura. Su kansu masana ba su daidaita kan iyakar ba: kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 yana duba baƙin cikin rashi da ya zarce wata 6, na likitocin Amurka kuwa ya sa wata 12 ga baligi, kuma dukansu sun gindaya sharaɗin a lura da addini da al'adar mai makokin.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Marie Jahoda ta bi ta wata hanyar a 1958, ta jera siffofi 6 na cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa. Na yaba mata da ta kalli lafiya maimakon ciwo, amma idan aka tsananta babu wanda zai tsira, kuma cin gashin kai da ta sa a ciki bai dace da gidajenmu ba, inda magidanci ɗan shekara 40 ba ya sayen fili sai ya shawarci mahaifinsa.

Abin da ya sa na damu, Edita, shi ne wannan hukunci yana iya kai mutum ga mari da sarƙa, ko ya kashe aure, ko ya hana yarinya miji. Tsohuwar dokar mahaukata ta Najeriya ta 1958 ta fi mayar da hankali kan tsarewa, sai a Janairun 2023 aka sanar cewa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta amince da haƙƙin majinyaci. Tun a 1954 kuwa likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, saboda ya gane cewa ba a fahimtar ciwon mutum a bayan idon mutanensa.

Saboda haka ina ba da shawara jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware da malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su riƙa amsa tambayoyin jama'a da Hausa. Ina kuma fatan malamanmu masu ruƙiyya, waɗanda galibi su ake fara kai wa majinyaci, za su riƙa tambayar ko yana barci, ko yana cin abinci, da kuma tun yaushe ya sauya, su tura shi asibiti idan amsar ta nuna haka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga unguwar Mabera, Sakkwato.