Ɗana, kafin ka sa hannu a takardar nan

Ɗana, ina fata kana lafiya. Mamanka ta faɗa min wani furodusa ya karanta labarin da ka rubuta har yana so ya saya, tun jiya abin yake raina shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Ka san da farko ban so wannan harkar ba, amma ranar da na kalli gajeren fim ɗinka na ga yadda ka sa 'yan wasan suna magana kamar ba kyamara a gabansu, na yarda abin a jininka yake.

Labarin nan shi ne jarinka wallahi. Kyamara hayarta ake yi, mai editin biyansa ake yi, amma shafi 95 ɗin nan da ka kwashe shekara 2 kana gogewa kana sakewa babu mai kawo shi sai kai, kuma kai ka ce min kowane shafi kusan minti ɗaya ne a allo, ka ga fim guda ke nan a hannunka. Kar ka sayar da shi gaba ɗaya don an nuna maka kuɗi. Akwai yarjejeniyar da ake ba furodusa dama ta wani lokaci, shekara 1 ko wata 18, in bai haɗa kuɗin aikin ba labarin ya dawo hannunka, irin wannan nake so ka nema. A rubuta ƙarara kai ne darakta, a rubuta wa ke da maganar ƙarshe wajen editin, don a ɗakin nan ake juya wa mutum fim har ya kasa gane abinsa. Kiɗan da za ka sa ma ka samu izinin mai shi a rubuce.

Kuma in an gama kar zumuɗi ya sa ka ɗora a YouTube, bikin finafinai irin na Kan a Faransa ba ya karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet.

Na san kana ganin sa'o'inka sun yi gaba. Usman Sembene na Senegal dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Marsey a Faransa, ya rubuta littattafai, fim ɗin da ya fara fito da sunansa kuwa sai 1963 yana da shekara 40. Kai ko 30 ba ka kai ba.

Ka turo min takardar, lauya ya karanta kafin ka taɓa biro, kuɗinsa ni zan biya. Allah ya yi maka albarka.

Babanka