Wasiƙa zuwa ga 'yata, kan abin da ke haɗa ƙashi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ji an tura ki sashen ƙashi, shi ya sa na ce bari in ja kunnenki tun kafin hannunki ya saba da wuƙar tiyata.

Ƙarfe da kusoshi riƙe ƙashi kawai suke yi, ƙwayoyin halitta ne ke ɗinke shi. Mafi yawansu suna zaune ne a cikin tantanin nan da ya lulluɓe ƙashi, wanda likitoci ke kira feriyostiyam. Hawa biyu ne da shi: na waje mai tauri, sai na ciki mai laushi da ke manne da ƙashin, kuma a na cikin ne uwayen ƙwayoyin suke, tare da 'ya'yansu da suka riga suka kama hanyar zama ƙashi ko guringuntsi. Akwai wasu a ɓargo, waɗanda wani masanin kimiyya mai suna Friedenstein ya gano a Mosko, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka in kin buɗe karaya, kada ki kankare tantanin nan don neman ganin ƙashi fes. Duk inda kika ɗaye shi, kin kori masu aikin kuma kin yanke musu jini.

Gudan jinin da ya taru a bakin karayar ma ba datti ba ne. Shi da kumburin makon farko ne ke kiran ƙwayoyin su taru. Cikin mako 2 zuwa 3 sai su gina dunƙulen guringuntsi ya haɗa ɓangarorin, jijiyoyin jini su ratsa shi, ya koma ƙashi mai tauri. Sassaƙe shi ya dawo siffarsa kan ci watanni, wani lokaci shekaru.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, motsi ke gaya wa ƙwayar abin da za ta zama. A lissafin wani masanin ƙashi mai suna Perren, in gibin bai motsa sama da kashi 2 cikin 100 na faɗinsa ba, ƙashi ake samu kai tsaye. Tsakanin 2 da 10, guringuntsi tukuna sannan ƙashi. Ya wuce haka, sai nama mai zare irin na tabo ya cike gurbin, ƙashin ya ƙi kamawa. In kika ga hoto da ƙaton dunƙule amma layin karayar na nan baƙi, ƙwayoyin na da rai, riƙon ne ya yi sako-sako. In kuwa bakin ƙashin ya sirance babu dunƙule sam, jini da ƙwayoyi ne suka gaza, ƙarin ƙarfe kaɗai ba zai yi ba.

Wuyan ƙashin cinya da ke cikin gaɓa ba shi da wannan hawa na ciki, don haka kar ki zauna jiran dunƙule a can. Yara kuwa tantaninsu mai kauri ne, shi ya sa suke warkewa da wuri.

In za ki zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu don samo ƙwayoyin nan, ɗebi kamar mililita 2 a wuri guda, ki matsar da allurar. In kika cika sirinji daga rami ɗaya, jini kika ɗebo, ya tsinka abin da kike nema. Ki kuma tambayi kowane majinyaci zancen sigari da ciwon sukari da magungunan sitiroyid, kafin a shiga tiyata, don suna kawo wa haɗuwar ƙashi cikas.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki