Shawarar cusa soson ƙarfe a salansa gyaran gangar Auzinawa ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikata, na rubuto ne game da amsar da baƙonku ya bai wa wani yaro da ya bugo waya a shirinku na rediyo yana kukan cewa injin da ya ɗaura wa kekensa ya hana maƙwabta barci. Baƙon ya ce ya kwance murfin salansa ya cusa soson ƙarfe na wanke tukunya har ya cika, sannan ya yanko robar tiyub ya sa tsakanin inji da ƙarfen keke. Mai gabatarwa bai ce uffan ba, har da yi masa godiya. Wallahi raina ya ɓaci, domin yara nawa ne daga unguwar Zariya zuwa Bagalam a nan Maraɗi za su ji wannan a rediyo su ɗauka fatawa ce?

Waɗannan ƙananan injunan na Sin, masu sisi (cc, ma'aunin girman inji) 48 da masu sisi 66 da ake sayarwa da sunan 80, masu bugu biyu ne, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da mai. Hayaƙinsu jiƙe yake fita, da maiƙo. Soson ƙarfe yana shan wannan maiƙon, baƙin hayaƙi ya manne masa, kafin a jima ya dunƙule ya zama toshiya. Ranar farko ƙara za ta ragu, yaro ya yi murna. Bayan nan hayaƙin da bai samu hanya ba zai riƙa tsayawa cikin silinda, inji ya rasa ƙarfi, buji ya riƙa jiƙewa, zafi ya taru a bakin fitar hayaƙi inda ringi ke wucewa. A zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba ya jure wannan. In kuma soson mai laushi ne, kamawa yake da wuta ya riƙa fitowa tartsatsi a gefen taya. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Ita kuwa robar da ya ce a sa a mazaunin inji, ta fi soson haɗari. Ƙusoshin da ke riƙe injin sirara ne, milimita 6 a yawancinsu. Muddin ƙarfe na kwance a kan ƙarfe daram, nauyin a kan mazauni yake. Da an sa roba, inji ya samu wurin rawa, duk jan da sarƙa ta yi sai ya lanƙwasa ƙusa kaɗan ya sake ta, har ranar da za ta karye a cikin jikin inji. Injin da ya karkace a kan gudu yana jefar da sarƙa cikin wayoyin taya ta baya. Abin da ake so shi ne mazaunin ya rungume bututun keken ba gibi. In bututun ya yi siriri, a yanko guntun bututun ƙarfe a tsaga shi a cike wurin, ba roba ba.

Babban kuskuren baƙonku shi ne ya ɗauka duk ƙarar daga salansa take fitowa. An bar jaki ana dukan taiki. Kafin a taɓa komai, a tayar da inji a wurin da ba hayaniya, a naɗe tsumma mai kauri a kusantar da shi bakin salansa na daƙiƙa biyu ko uku, a saurari abin da ya rage. Sau da yawa abin da ke damun mutane yana nan bai tafi ba.

A fara duba inda salansa ta haɗu da silinda. In an ga baƙin maiƙo ya zagaye wurin ko yana gangarowa, to gaskit na yoyo, kuma wannan tas-tas ɗin mai kaifi daga nan yake. Lebatun salansar, wato faffaɗan bakin da ake ɗaurewa a jikin silinda, yakan zo a karkace tun daga masana'anta saboda zafin walda, don haka sabon gaskit kaɗai ba ya magani. A shimfiɗa takardar goge ƙarfe a kan gilashi, a goga fuskar lebatun har ta yi haske bai ɗaya, a sa sabon gaskit, a ɗaure notunan biyu da sifana lamba 10, wannan kaɗan wancan kaɗan, inji na sanyi. Kada a matsa da ƙarfin tsiya, ƙusoshin cikin alminiyam suke, zaren na cinyewa. Bayan tafiya biyu ko uku a sake bi. A kuma ɗaure jikin salansar da ƙarfen keke da maɗauri, don kada nauyinta ya rataya a kan ƙusoshin nan biyu kaɗai. Sannan a tabbatar murfin ƙarshe da bututun cikinsa suna nan, domin wasu yara da gangan suke cire shi wai don gudu.

Wanda bayan wannan yake son ƙarin sauƙi, ya je wurin mai walda a ƙara masa bututun ƙarfe na santimita 15 zuwa 20 a bakin salansa, wanda faɗin cikinsa bai gaza na asali ba, a karkata shi baya da ƙasa kaɗan, nesa da taya. Kada a sa ya kalli ƙasa tsaye, in ba haka ba rairayin unguwa zai riƙa tayarwa sarƙa na sha. Kada a sa tiyon ban ruwa a madadin bututun, narkewa yake. Wanda ya fi wannan shi ne a ƙera gwangwani na biyu: bututu mai ƙananan huji ya ratsa tsakiya, a naɗe bayansa da audugar gilashi, gwangwani ya rufe. Hayaƙi na wucewa kai tsaye, audugar na shanye kaifin ƙarar. Bambancin ke nan da shawarar baƙonku: abin shanye ƙara a gefen hanya yake zama, ba a tsakiyarta ba.

Akwai kuma wani kuka mai kama da fito da ke ƙaruwa in an ja totur. Wannan na giya ne. A kwance murfin gefen dama mai ƙusa biyar, za a ga ƙaramar giya tana juya babbar da ke ɗauke da kuloci, kuma yawanci a bushe suke. A sa giris kamar ƙwayar wake ɗaya a inda haƙoran ke haɗuwa, a juya ya bazu. Ƙwayar wake na ce, ba cokali ba. In ya yi yawa yana fantsama kan fatun kuloci ya riƙa zamewa. Murfin kansa siriri ne, yana amsa amo kamar faranti. To a nan robar tiyub ɗin take da amfani: a yanka daidai girmansa a manna ta waje da gam mai jure zafi. Haka fikafikan silinda, su ma suna ringin ƙararrawa. A yanka ƙananan guntayen tiyon mota a cusa tsakaninsu a bakin gefe, uku ko huɗu a kowane ɓangare, ba a cika har a tare iska ba.

Sarƙa ta samu sassauci kamar santimita ɗaya da rabi a tsakiya. In tana tsaurara a wani wuri tana saki a wani idan an juya taya, farantin haƙoran baya ne bai zauna a tsakiya ba, sai a sassauta ƙusoshinsa tara a daidaita. Farantin da ke zuwa da injin mai haƙora 44 ne. Mai 40 na rage juyin inji kusan kashi ɗaya cikin goma a gudu iri ɗaya, ƙara ta ragu, mai 36 kusan ɗaya cikin biyar, amma da 36 keke ba zai ja a yashi ba, ya fi dacewa da mai bin kwalta zuwa Tibiri ko Madarunfa.

Bakin kafireta ma yana da nasa gurnanin. Wanda ya cire soson matatar iska ya mayar, ya wanke shi ya ɗiga masa mai kaɗan, balle lokacin hunturu da ƙura. Gaurayen mai kuma a auna da sirinji: mililita 40 na man 2T, wato man injin bugu biyu, a litar fetur ɗaya, bayan inji ya gama sabunta. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya rage ƙara, salansa kawai yake toshewa.

   

Abin da nake roƙo shi ne a shirin mako mai zuwa ku janye maganar soson nan da ta robar mazauni a fili, da bakin mai gabatarwa, a daidai lokacin da aka faɗe ta. In za ku sake gayyato baƙo kan injuna, ku ɗauko wanda hannunsa ke da baƙin mai, ga su nan birjik a garejin bakin kasuwa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani makanike daga unguwar Sabon Gari, Maraɗi