Barka da Sallah daga Napoli

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi. Baba, ina gajiyar idi? Inna, sannu da fama da suya, na san yara ba su bar ki kin huta ba.

Mu ma mun yi idi a wani fili cikin gari, tare da 'yan Senegal da Maroko da Bangladesh da Hausawan zangon Gana. Hukumar Italiya ba ta ba da hutun Sallah, don haka duk wanda ya je idi ya haƙura da kuɗin yininsa. Layya kuwa ba a yanka ta a ƙofar gida, sai a mahautar da aka amince da ita. Karo-karo muka yi, aka kawo mana naman a leda.

Baba, kwanaki kun tambaye ni ta waya: yaron da ya tashi da fartanya a kafaɗa, me zai hana shi samun aikin gona? Kati bai bar ni na ba ku amsa ba, ga ta yanzu.

Cikin Napoli babu gona, sai benaye da motoci. Gonakin suna bayan gari, wajen Giugliano da Villa Literno da Castel Volturno, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Sabon zuwa ba shi da wanda zai kai shi wurin mai gona, don haka tun kafin asuba yake fita ya tsaya a shataletale. Mota ta tsaya, mai ita ya leƙo ya nuna mutum uku ko huɗu da yatsa, sauran su ci gaba da jira. Rana ta ɗaga ba a ɗauke ka ba, ka koma ɗaki, ka ci kuɗin motarka a banza. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya huɗa ko maimai. Ƙarfin jikinka suke dubawa, sai kuma ko za ka yi gardama a kan kuɗi. Yini guda, daga fitowar rana har kusan faɗuwarta, Yuro 30 ne ko 35. A wuraren nan ne a 2010 'yan ƙwadago suka taɓa yin yajin aiki, suka tsaya da kwalaye cewa ba za su hau mota a ƙasa da Yuro 50 ba. Tsofaffin zuwa har yau suna labarin, kuɗin dai bai motsa sosai ba.

Tsakaninka da mai gona akwai ɗan kamasho, wanda suke kira kaporale. Shi ke tara mutane, shi ke da motar, kuma Yuro 5 yake cira a kan kowa kuɗin kaiwa, wani har ruwan sha sai ya sayar maka. Abin takaici, sau da yawa namu ne, baƙar fata ɗan'uwanka da ya riga ka jin yaren. Tun 2016 aka yi dokar da ke ɗaure shi da mai gonar da ya yi amfani da shi, amma wanda ba shi da takarda ina zai kai ƙara?

Takardar nan ita ce komai. Wanda ya nemi mafaka sai ya cika kwana 60 kafin doka ta ba shi damar aiki. Da na sami takardar zama da lambar haraji, wani dattijo Bahaushen Kumasi, Allah Ya saka masa, ya haɗa ni da mai rumfunan leda da ke noman latas da kabewa da wani ɗan itace ja mai suna fragola. Shi ya koya mini in riƙa rubuta kowace ranar da na yi aiki a littafi. Dalili kuwa, mai gona zai sa ka aiki wata cur, a takardar albashi ya rubuta kwana goma, sauran ya damƙa maka a hannu. Kai kana murnar kuɗi sun shigo, alhali an cuce ka, domin sai an rubuta maka kwana 102 cikin shekara biyu kafin ka cancanci tallafin da ake ba ma'aikatan gona na lokacin da babu aiki, kuma takardun nan ake dubawa in ka je sabunta zama. 'Yan ƙungiyar ƙwadago suna duba wa mutum lissafin.

Aikin yawo ne kamar cin rani. Watan bakwai da na takwas jama'a na kwarara yankin Foggia, gabas da mu, tsinkar tumatir, inda ake biya da akwati: mai cin kilo 300 bai wuce Yuro huɗu ba. Da sanyi a gangara garin Rosarno, can kudancin ƙasar, ɗibar lemu. Abokan ɗakina suna ta zuga ni mu tafi Foggia bana, ni dai na ce a'a. A watan Agustan 2018 mutum 16 suka mutu a can a haɗarin mota biyu, an cusa su a bayan motocin 'yan kamasho suna dawowa daga gona. Kuɗina kaɗan ne a nan, amma da sunana a takarda, kuma da keke nake zuwa.

Na ji Auta na cewa in an yi girbi zai biyo ni. Baba, don Allah ku karanta masa wasiƙar nan tun daga farko, sannan ya kira ni mu yi magana ni da shi.

Na aika kuɗi ta hannun Yaya. A cire na taki buhu biyu tun bai ƙara tsada ba, a biya 'yan ƙwadagon noman farko, kada Baba ya sunkuya da bayan nan nasa. Abin da ya rage a ba Inna ta raba wa yara goron Sallah. Ku sanar da ni ko shuka ta tsiro a gonar bayan rafi, don na ji an yi fashin ruwa bayan na fari.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Malam Liman, a roƙa mini addu'arsa. Inna, in an sami mai tahowa, daddawa da kuka da yaji nake so, a ɗaure su sosai.

Wassalam,
Ɗanku