Sai Mun Ga Hoto Na Biyu

Kano, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ya karatu, ya zaman Alƙahira da iyali? Allah ya sa ana cin nasara. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Hajiya na gaishe ka. 'Yarka ta shiga Islamiyya, kullum da yamma sai ta biya mana abin da aka koya musu.

Rannan ka tambaye ni jikin ƙanwarka, na ce da sauƙi na wuce. A lokacin ina Kantin Kwari cikin mutane, ba wurin wannan magana ba ne. Yau na zauna in warware maka zare da abawa, don akwai abin da nake so ka yi mana a can.

Ka san tun bara take kukan kunnenta na hagu. Da farko wata ƙara ce siririya da ba ta yankewa dare da rana, daga baya na lura in waya ta shigo sai ta mayar da ita dama. Mai kyamis ya ce datti ne, ya ba da maganin ɗigawa, shiru. Da muka je Asibitin Malam, likitan kunne ya sa aka gwada jinta, ya ce na hagu ya ragu sosai, na dama ƙalau, kuma ragin ji na ɓangare guda ba a yi masa sakaci, a yo hoton MRI. Hoton ya nuna ƙari a kan jijiyar da ta tashi daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ke kula da ji da daidaiton tsayuwa. Akustik niyuroma suke ce masa. Milimita 9 ne, kusan ƙwayar wake.

Ranar babu wanda ya iya cin abinci a gidan. Amma likita ya kwantar mana da hankali. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa a jiki. Daga fatar da ta lulluɓe jijiyar yake tsirowa, a hankali ƙwarai, galibi milimita 1 zuwa 2 a shekara, da yawa ma sukan tsaya cak shekara da shekaru. Shi ya sa ba a gaggawar taɓa ƙarami irin nata. Sa masa ido ake yi: a sake hoto bayan wata 6, daga nan shekara-shekara.

To a nan gizo ke saƙar. Kafin duk wannan mun riga mun shirya za a cire mata ashanar tazarar haihuwa da ke hannunta, tunda 'yarka ta shekara huɗu. Yanzu mun dakata. Hoto ɗaya girman ƙarin kawai yake nunawa, ba ya nuna ko tafiya yake ko a tsaye yake, sai an gwama shi da na biyu. Kuma da zarar ciki ya shiga, hannun likita ya ɗauru ta wurare da dama. Akwai allurar da ake yi kafin hoto don ƙarin ya fito sarai, gadoliniyam, ana guje mata ga mai ciki domin tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Ana iya hoton ba tare da ita ba, tunda MRI da maganaɗisu yake aiki, amma gashin ƙari da haske ba a yi wa mai ciki. Tiyata kuwa ba a yin ta sai in ta zama dole, a watannin tsakiyar ciki, in ba haka ba a jira ta sauka. An samu mata ƙalilan da ƙarinsu ya ƙara girma suna da ciki, duk da bincike bai tabbatar cewa cikin ne sila ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar likitar mata. Ta ce laulayi na kawo amai da jiri, hawan jinin masu ciki na kawo ciwon kai da gani dishi-dishi, ƙarin nan ma in ya girma ya danne ƙwaƙwalwa irin alamun da zai nuna ke nan. Ta yaya za a rarrabe in ba a san halinsa tun farko ba? Ta sa muka rubuta abubuwan da in an gani ba a kwana a gida: ciwon kai mai tsanani da amai, gefen fuska ya yi dundurus, ko ta fara tangaɗi in tana tafiya. Game da haihuwa ta ce ƙaramin ƙari ba ya hana mace haihuwa da kanta, babba ne ake tsoron yunƙurin naƙuda ya ƙara wa kai matsi, sai a ciro jaririn ta tiyata.

Tambayar farko da ƙanwarka ta yi ba ta kanta ba ce. Cewa ta yi, "Likita, ana gadonsa?" Aka ce mata kusan kashi 95 cikin 100 a kunne ɗaya yake fitowa, irin nata, kuma wannan ba a gadonsa. Na gado shi ne mai kama kunne biyu, cutar da ake kira NF2, wadda kowane ɗa ke da rabi da rabi na ɗauka. Sai a lokacin na ga ta saki jiki a kan kujera.

Hoto na biyu bayan Babbar Sallah ne. In yana nan yadda yake, za a cire ashanar. Ta ma fara shan folik asid, tunda kafin ciki ake so a fara. In kuwa ya motsa, za mu fara da shi tukuna, haihuwa ta biyo baya in Allah ya nufa.

Wallahi jiran nan ya fi ciwon wahala, don wanda ya gan ta ba zai ce tana da komai ba. A gidan biki in hayaniya ta yi yawa ba ta tsintar magana, aka yi mata sannu ta hagu ba ta amsa ba, sai ga magana ta dawo wai ta fara girman kai. Tsallaka titi ma sai ta waiga sau da yawa, tana jin hon ɗin Adaidaita Sahu amma ba ta sanin ta ina ya taso. Gwaggo ta aiko da wani mai a kwalba a riƙa ɗigawa, wata kuma ta ce iska ce. Addu'a muna yi, muna kuma so, amma na ce ba abin da za a ƙara zuba mata a kunne. Duk inda za a rubuta mata magani sai na faɗa cewa kunne ɗaya take ji da shi, saboda allurai irin su jentamaisin na iya lalata ji. Hajiya kuwa na zaunar da ita na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta yi shiru, ta ce Allah ya ba ta lafiya, shi ne gaba. Masu yi mini hannunka-mai-sanda a kan ƙarin aure na ce su bar maganar. Ba yanzu ba, ba a kan wannan ba.

Wani dare ta tashe ni ta ce, in ta kwanta a kan kunnen dama jariri ya yi kuka ba ta ji ba fa? Na ce ai ni nawa biyu ne, zan tashe ki. Washegari muka canza gefen kwanciya, yanzu ina damanta. Ita za ta ɗauki cikin, a kanta ƙarin yake, don haka na gaya mata ko hoto ya yi kyau, sai ranar da ta ce ta shirya.

Ga roƙon nawa. Tiyatar wannan wuri tana da haɗarin rasa jin kunnen gaba ɗaya, ga jijiyar fuska a maƙale da wurin, in ta taɓu baki na iya karkacewa. Shi ya sa in ta kama a yi wani abu muka fi karkata ga gashin haske da na'urar Gamma Knife, wadda ake amfani da ita ga ƙarin da bai wuce kamar santimita 3 ba. Ba ta cire shi, girmansa take tsayarwa. Akwai ta a can Alƙahira. Don Allah ka bincika mana kuɗin aikin, da tsawon zaman da mutum zai yi, da ko za su duba hoton in na turo maka faifan kafin mu taso. Ka kuma tambaya mana tsawon lokacin da suke so mace ta jira bayan gashin kafin ta ɗauki ciki. Maganar ta tsaya tsakaninmu da uwargidanka, ita kam ƙanwar taka ta ce za ta kira ta da kanta.

Ka gaishe da su duka, ka shafa mini kan yara. A sa mu a addu'a.

Naka amini.