Gangar jiki a Landan, hankali a waya

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan'uwana mazauna ƙasashen waje.

Abin da ba a gaya wa mutum kafin ya hau jirgi shi ne a nan ba wanda zai faɗo maka gida haka kawai. Zumunci ma sai an sa rana, ka kira mutum ya ce bari ya duba kalanda, ya ba ka Asabar ta sama, kuma wallahi ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya sha masa kai, wani na dare yake yi wani na asuba, ɗalibi kuma ga karatu ga awa 20 ɗin da biza ta yarje masa ya yi aiki a sati, yana ta lissafin ko za ta fitar masa da kuɗin haya. Ga duhu. A Disamba sai wajen takwas rana ke leƙowa, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Ai a 2018 sai da gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa wata minista aikin kula da matsalar kaɗaici, 'yan ƙasa ke nan fa, balle baƙo.

To mu sai muka fake a waya. Ka ga mutum a jirgin ƙasa kai a sunkuye yana bin guruf goma a WhatsApp, ya san wa ya yi faɗa da wa a can gida, amma maƙwabcin da suka haɗa bango ko sunansa bai sani ba. Karatun ba ya shiga, aikin ma yinsa kawai ake, can ɗin kuma ba ka can. Ni kam a ganina wannan ya fi sanyin cin mutum.

Ban ce a yanke da gida ba, Allah ya kiyaye, kiran iyaye dole ne, a dai ware masa lokaci sannan a kife wayar. Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai 'yan guruf addu'a za su turo, Allah ya saka musu, amma wanda zai hau bas ya kawo maka magani sai wanda kuke gari ɗaya.

Ku kuma da kuka daɗe a nan, in kun ji sabo ya sauka ku neme shi tun kafin ƙarshen Oktoba da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, don shi kunya ba za ta bar shi ya fara kiranku ba.

Naku,
Mai karatunku daga Landan