Wasiƙa zuwa ga Inna a kan gudun Auta

Unguwar Nima, Akra, ƙasar Gana

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baba da Goggo da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, ɗinki kuma yana tafiya, alhamdu lillahi.

Maganar Auta ce ta hana ni barci. Yaya ta ce tun da ya sa wa ransa shiga gasar gudun fanfalaki, sai bayan azahar yake fita, wai rana ce ke gasa jiki ya yi ƙwari. Inna, don Allah ki hana shi. Ki sa a karanta masa wannan takarda a gabanki.

Kin san duk Lahadi nakan bi samarin unguwarmu motsa jiki. Daga Ayi Mensah da ke bayan garin Akra muke tashi, mu haura tudun hanyar Aburi har Peduase. Makon jiya motarmu ta makara, ba mu fara ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Akwai wani yaro a cikinmu, sa'an Auta, kullum shi ke gaba. Mun kusa ƙarshen hawan sai na ga yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Na kira shi, ya juyo ya zage ni, yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni don ladabi. Sai ya yanke jiki ya faɗi. Da na taɓa wuyansa, wallahi kamar murfin tukunyar da ke kan wuta.

Mu muna ta neman mota, sai wata nas da ke gudu a bayanmu ta ce a tsaya, a fara sanyaya shi tukuna. Muka ja shi inuwa, muka cire masa riga, muka saye duk ruwan leda mai ƙanƙara da ke bahon wata mai talla, muna fasawa muna kwarara masa, muna cusa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wasu na fifita. Ta hana a ɗura masa ruwa a baki, tunda ba ya cikin hayyacinsa, kada ya shaƙe. Kwanansa uku a asibiti. Likita ya ce zafin jikinsa ya haura digiri 40, kuma a irin wannan hali ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ne ke fara lalacewa. Ya ce sanyayawar nan ta bakin hanya ce ta cece shi, bayan ikon Allah.

Auta, kai nake wa magana yanzu. A nan iskar teku cike take da laima, gumi ba ya bushewa, shi ya sa jiki ba ya hucewa. A Katsina kuwa, da bazara, gumin kan bushe tun bai gangaro ba, ruwan jikinka na ƙarewa ba ka sani ba. Kuma zafin ranar Afrilu a gida ya fi na nan nesa ba kusa ba. Manyan 'yan gudun duniya ma ba sa wasa da zafi. A gasar duniya ta 2019 a Doha, babban birnin ƙasar Katar, da tsakar dare aka saki mata su yi kilomita 42 ɗin, amma cikin 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba. Waɗannan fa gudu ne sana'arsu, da likitoci a gefe.

Ka fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin rana ta ɗaga. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ka bar mata filin. Ka riƙa duba fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ka dakata da gudu, ka je asibiti. In tafiyar ta yi nisa, kada ka cika ciki da ruwa zalla, ka haɗa da na gishiri da sukari, don gishirin jiki ma yana bin gumi. Ƙwayoyin ciwon jikin nan da samari ke haɗiya kafin gudu, irin su ibuprofen, ka rabu da su. In jiki ba ruwa, ƙoda suke ci. In azumi ya zo, sai bayan buɗe-baki.

Kada ka ce baƙar fata ba ruwanta da rana. Tana ƙona mu mu ma, kuma hasken da ke dukan ido shekara da shekaru yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Na saya maka hular hana-sallah da baƙin tabarau da farar riga marar nauyi, suna cikin kayan da zan ba direban goro ranar Alhamis.

Inna, ban ce ya bar gudu ba, ni ma ina so in ga ya ci. Lokacin kawai zai sauya. In ya ƙi ji, ki faɗa wa Baba, shi ba ya tsallake maganarsa.

A gaida Goggo da ƙafa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
daga Nima